Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Limamanmu da Shugabannin Ƙungiyoyinmu na Bronx: A Buɗe wa Masu Sulhun Titi Ƙofa

Zuwa ga iyayenmu limamai, da sarakunan al'umma, da shugabannin ƙungiyoyin 'yan Gana da Nijar da Najeriya da Togo mazauna Bronx, a birnin New York.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya gafarta malamai, ya ja zamanin sarakuna. Abu guda na zo roƙo, kuma gara in faɗe shi tun da farko kafin in shiga dalilai. Ina roƙon ku buɗe ƙofofin masallatanmu da zaurukan taronmu ga mutanen nan da ke yawo a titunan unguwanninmu da dare, suna shiga tsakanin samari kafin a kai ga harbi. Ku kira su, ku zauna da su, ku haɗa su da 'ya'yanmu, ku kuma sa kuɗin ƙungiya da lokacinku a cikin aikin. Na san wasunku sun sha ganinsu a bakin kanti ko ƙofar bene, sanye da riguna iri ɗaya, wani da zane a wuya, wani a hannu. Da yawansu sun yi zaman gidan yari, ba sa kuma ɓoyewa. Su ɗin nake nufi.

Shekara da shekaru, in aka yi harbi a unguwa, maganar da nake ji a ƙofar masallaci ita ce, “Ai ba yaranmu ba ne, yaransu ne.” Sai a ce Allah ya kyauta, kowa ya nufi motarsa. A zamanin da yawancinmu gwauraye ne, ana cunkushe a ɗaki ɗaya, iyali na can Kumasi ko Yamai ko Kano, wataƙila maganar ta yi kama da gaskiya. Yanzu fa? 'Ya'yanmu a nan aka haife su, a nan aka yanka musu ragon suna. Makarantar da ɗan maƙwabci yake zuwa ita suke zuwa, filin ƙwallon da yake wasa nan suke wasa, in ka yi musu magana da Hausa kuma da Turanci suke ba ka amsa. Gungun samarin da ke gaba da juna a Bronx ba ƙabila ce ta raba su ba, ba kuma addini ba. Layi ne da bene. Yaron da ke kwana a bene kaza, ɗan bene kaza ne a idon na tsallaken titi, ko ya shiga gungu ko bai shiga ba, ko da ubansa ne ke kiran salla.

A shekarar 2020, bisa alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, bindiga ta zama abin da ya fi komai kashe yara da matasa 'yan shekara 1 zuwa 19 a ƙasar nan, ta wuce haɗarin mota. A wannan shekarar ce harbe-harben birnin New York suka kusan ninka na 2019. An samu sauƙi daga baya, alhamdu lillahi, amma har yau kason da Bronx ke ɗauka ya fi ƙarfin yawan mutanenta. Bindigogin kuwa yawancinsu ba a nan ake sayensu ba. Wani rahoto da ofishin babban lauyan jihar New York ya fitar a 2016 ya nuna kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka kama aka kuma gano asalinsu, daga wasu jihohi aka shigo da su, irin su Virginia da Georgia da Carolina, ta babbar hanyar nan ta I-95. Ni da ku ba mu da ikon tare wannan hanya. Wanda muke iya kai wa hannu shi ne yaron da bindigar za ta faɗa hannunsa.

Kuma yaran nan ba su da yawa, wannan shi ne abin da ya kamata ya ba mu ƙarfin gwiwa. Da masu bincike suka zauna da 'yan sanda da ma'aikatan unguwa a birnin Boston a tsakiyar shekarun 1990, suka bi kisan matasa ɗaya bayan ɗaya, sai suka tarar samari kimanin 1,300 ne cikin gungu 61, ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na matasan birnin ba, amma kimanin kashi 60 na kisan daga rigingimunsu yake fitowa. Mai harbin da wanda aka harba sau da yawa sun san juna. Faɗan ma ba na dukiya ba ne. Kallon raini ne a jirgin ƙasa, ko maganar budurwa, ko bidiyon da aka ɗora a Instagram, ko waƙar da ake kira drill wadda aka ambaci sunan mamaci a ciki ana yi masa dariya. Sai a harbi ɗaya. Abokansa su taru a ƙofar asibiti, ido ya rufe, kowa na kallon kowa ya ga wa zai fara cewa a je. 'Yan awowin nan, daga ƙofar asibiti zuwa ranar binnewa, a cikinsu ake ƙulla gawa ta biyu. A cikinsu kuma mu muna barci, ko muna bakin aiki.

Mutumin da ya tsara aikin da nake magana a kai likita ne, Gary Slutkin. Ya yi shekaru a Afirka yana yaƙi da tarin fuka da kwalara a sansanonin gudun hijira na Somaliya, sannan da cutar ƙanjamau a Yuganda ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya. Da ya koma Chicago a 1995 ya dubi taswirar harbe-harben birnin, sai ya ga yadda suke taruwa a wuri ɗaya, wannan ya jawo wancan, tamkar annobar da ya baro. Abin da ya koya a can shi ne, ba baƙo ne ke tsayar da annoba ba, ɗan gari ne wanda mutane suka yarda da shi. A shekarar 2000 ya fara gwaji a unguwar West Garfield Park da sunan CeaseFire, wanda daga baya ya koma Cure Violence. Sai a ɗauki mutanen unguwar, galibi waɗanda su ma sun taɓa riƙe bindiga suka ajiye, a horar da su, a biya su albashi. Wasu aikinsu jin ƙishin-ƙishin da zuwa kashe wutar tun ba ta kama ba. Wasu kuma kowa a ba shi samari kaɗan, waɗanda suka fi kusa da harbi ko a harbe su, ya riƙe su wata da watanni: neman aiki, komawa makaranta, rakiya kotu, neman katin shaida, har zuwa ganin likitan damuwa.

Birnin New York ya haɗa irin waɗannan ƙungiyoyi ƙarƙashin tsari guda a 2014, yana ba su kuɗi daga kasafinsa. A nan Bronx akwai Save Our Streets a Mott Haven da Morrisania, akwai BRAG, wato Bronx Rises Against Gun Violence, akwai kuma Stand Up to Violence da ke asibitin Jacobi, waɗanda ke isa bakin gadon wanda aka harba su yi magana da shi da abokansa tun jini bai bushe ba. Wasu ofisoshinsu tafiyar ƙafa ce daga masallatanmu.

Ni direban tasi ne, dare nake yi. Wani dare cikin zafin bazara, wajen ƙarfe ɗaya, na tsaya a gaban wani shagon soyayyar kaza ina jiran fasinja. Sai ga wani yaro, bai fi shekara goma sha bakwai ba, yana kai da kawowa, hannunsa ɗaya dafe da wata 'yar jaka da ya rataya a ƙirji, yana ta ɗaga murya. Wani ƙaton mutum mai furfura a gemu, sanye da rigar 'yan sulhun nan, yana biye da shi. Yaron ya yi gabas ya bi shi, ya yi yamma ya bi shi, bai taɓa shi ba, bai ɗaga masa murya ba, amma duk inda yaron ya juya zai tsallaka titi sai ya tarar da ƙirjin mutumin a gabansa. Sun daɗe a haka. Can mutumin ya shiga shagon ya sayo kaza da lemo, ya ƙwanƙwasa gilashin motata, ya ce in kai yaron gidan gwaggonsa a wata gunduma, ya biya kuɗin, ya kuma ce kada in tsaya ko'ina. Jakar ba ta shigo motata ba, ban kuma tambayi inda ta tafi ba. Muna kan gada wayar yaron ta yi ƙara. Ya ɗauka, muryarsa ta yi ƙasa, ya ce, “Mma, ina nan lafiya, ki kwanta.” Da Hausa. Ban san uwarsa ba, ban san masallacin da ubansa yake salla ba. Na dai san wanda ya tsaya a gabansa a daren nan ba ɗaya daga cikinmu ba ne. Baƙar fatar Amurka ne, irin waɗanda muke kira da sunan raini a bayan idonsu, muke gargaɗin 'ya'yanmu kada su yi abota da su.

Ba zan ce muku aikin nan ba ya kuskurewa ba. Masu binciken Kwalejin John Jay sun bi sawunsa a Kudancin Bronx, suka fitar da rahoto a 2017 cewa raunukan bindiga sun ragu da kashi 37 cikin ɗari a yankin da ake aikin, raguwar da ta fi ta unguwar da aka kwatanta shi da ita. A Pittsburgh an gwada makamancinsa ba a ga raguwa ba. A Baltimore wata unguwar ta amfana, wata ba ta amfana ba. Abin da na fahimta shi ne aikin yana tsayawa ne a kan mutanen da aka ɗauka, da kuɗin da ba ya yankewa, da kuma ko unguwar ta tsaya a bayansu. Na ukun nan a hannunmu yake. Kuma masu aikin da ransu suke yi: a Janairun 2021 aka harbe Dante Barksdale, ɗaya daga cikin fitattun ma'aikatan shirin sulhu na Safe Streets a Baltimore, har lahira.

Na san abin da wasu dattawa za su ce. Ta yaya za mu shigo da tsohon ɗan fursuna gidan Allah, mu sa shi gaban 'ya'yanmu? Allah ya gafarta malam, yaron da ya riga ya sa bindiga a jaka ba ya jin maganata, ba ya jin taku. Yana ganin ba mu san duniyarsa ba, kuma yana da gaskiya. Wanda yake saurara shi ne wanda zai ɗaga riga ya nuna masa tabon harsashi, ya gaya masa yadda mutum ke ji in an zo gaya masa rasuwar uwarsa yana kulle. Mu da muke wa'azin tuba kowace Juma'a, bai kamata mu ne za mu ƙi karɓar wanda ya tuba ya kuma dawo yana gyara abin da ya ɓata ba. Ku kun fi ni sanin hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a taimaki ɗan'uwa ko shi ne azzalumi ko shi aka zalunta, ya kuma bayyana cewa taimakon azzalumi shi ne a riƙe hannunsa. Mutumin da na gani a gaban shagon kaza aikin da yake yi ke nan.

Wasu kuma za su ce ai aikin 'yan sanda ne. Suna da nasu aikin, ban raina shi ba, wanda ya yi kisa a kama shi. Sai dai ɗan sanda bayan an yi harbin yake zuwa. Sannan wace uwa ce a cikinmu za ta ga bindiga a ƙarƙashin katifar ɗanta ta ɗauki waya ta kira su? Dattawanmu ba su manta daren 4 ga Fabrairun 1999 ba, da 'yan sanda suka yi wa Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini, ruwan harsashi 41 a ƙofar gidansa a Soundview, ba shi ɗauke da makami. Ga kuma tsoron maganar takardar zama a ƙasa, wanda ba sai na yi bayaninsa ba. Masu sulhun titi ba sa kai wa 'yan sanda rahoto, wannan ƙa'idar aikinsu ce, don ranar da aka san suna kaiwa, ranar ce yara za su daina gaya musu komai. Saboda haka uwar da ba ta iya kiran hukuma tana iya kiransu. Amma sai ta san da su, sai kuma ta ji daga bakin limaminta cewa ba abin kunya ba ne.

Kunyar nan ita ce ciwonmu. In yaro ya fara kwana a waje, ya zo da takalmi mai tsada ba a san inda ya samu kuɗi ba, ya daina bi ta wani layi, sai iyaye su rufe bakinsu, don kada a ce gidan wane ba tarbiyya. Muna cewa ɗa na kowa ne, amma in ɗan wani ya karkace, abin da yake samu daga gare mu gulma ce a wurin suna da biki. Uban yana kan sitiyari tun magariba har asuba. Uwar tana gidan wata tsohuwa tana jinya, wani lokaci kwana take. Ba lalaci ne ya raba su da gida ba, haya ce, da kuɗin da ake jira a gida Afirka. Daga ƙarshe in abin ya fi ƙarfinsu sai a yanke shawarar da muka sani: a saya masa tikiti, a ce za a je hutu, a karɓe fasfo a bar shi wurin kawu. Na ga waɗanda hakan ya shirya, ba na musu. Na kuma ga waɗanda suka cika shekara goma sha takwas suka je ofishin jakadanci suka dawo, suka sauka a layin da suka baro, gabar tana nan tana jiransu, ga kuma sabon haushin iyaye.

Iyaye da yawa ba su ma san nauyin abin a doka ba. A jihar New York, baligin da aka samu da laifin yawo da bindiga mai harsashi ba lasisi, mafi ƙarancin hukuncinsa shekara uku da rabi ne a kurkuku. In kuma yaron ba a nan aka haife shi ba, girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, yake riƙe da shi, laifin bindiga yana cikin waɗanda ake korar mutum daga ƙasa a kansu, ko da tun yana goye aka shigo da shi. Masu zama a gidajen gwamnati kuwa, laifin ɗa yana iya taɓa zaman iyalin gaba ɗaya. Ya kamata a faɗi wannan a kan mumbari, a kuma faɗe shi da Turanci, domin samarin da ke zaune a sahun baya suna latsa waya lokacin huɗuba ba duka ne ke bin Larabci da Hausar ba.

Akwai waɗanda suka riga mu shiga wannan hali a cikin masu addini. A watan Mayun 1992, ana jana'izar wani saurayi da aka harbe a cocin Morning Star Baptist da ke Boston, 'yan daba suka biyo wani yaro har cikin cocin suka daddaɓa masa wuƙa a gaban gawa da masu makoki. Bayan wannan ne wasu fastoci, cikinsu da Eugene Rivers da Ray Hammond da Jeffrey Brown, suka kafa Ten Point Coalition. Suka daina jiran yara su zo musu, suka riƙa fita cikin dare suna taka unguwannin da kowa ke gudu, suna saurare. Da aka haɗa ƙoƙarinsu da shirin da birnin ya fara a 1996, masu bincike sun auna raguwar kisan matasa da kashi 63 cikin ɗari. Ba na fatan sai an biyo wani yaro cikin masallacinmu kafin mu motsa.

Kuma ba mu rasa abin yi da shi ba. In ɗan'uwa ya rasu, cikin dare ɗaya muke tara dubban daloli ta WhatsApp don a kai gawa gida ko a sayi kabari. Wannan alheri ne, Allah ya ba da lada. Ina roƙon a buɗe wa masu rai asusu irinsa. Zaurukan da muke biya wa haya duk wata, yawancinsu a kulle suke daga isha'i, a daidai lokacin da yaro ba shi da wurin zuwa sai bakin kanti. A buɗe su, a dafa shinkafa, a ajiye babban mutum ɗaya ko biyu, a bar ma'aikatan sulhu su riƙa shigowa da yaransu, ba tare da an tsare kowa da tambayar ko ya yi salla ba. In ya saba da wurin, sallar za ta zo. A cikin samarinmu kuma akwai waɗanda suka taɓa faɗawa suka fito, muna ganinsu muna yi kamar ba mu san tarihinsu ba. A neme su, a girmama su, a tura su horo, domin mu samu masu sulhun da za su iya shiga ɗakin uwa su yi mata bayani da harshenta. Kada kuma a yi zaman nan ba mata. Su ne ke wanke kayan yaran, su ne ke fara gani.

Sai maganar aikin bazara. Birnin nan yana da shirin ba matasa 'yan shekara 14 zuwa 24 aiki na mako shida da albashi, gurbi kimanin 100,000 a shekara, ana kuma cike takardar tun farkon shekara. Wani bincike da aka yi a Chicago, aka buga a 2014, ya nuna matasan da aka ba aikin bazara kama su da laifin tashin hankali ya ragu da kashi 43 cikin ɗari. Yaranmu nawa ne suke rasa wannan don ba wanda ya gaya wa iyayensu? Tebur ɗaya da kwamfuta biyu a bayan masallaci bayan sallar Juma'a sun isa.

In an yi harbi a unguwa, ƙungiyoyin nan sukan kira taro a daidai wurin cikin 'yan kwanaki, inda za ku ga an jera kyandir a cikin kwali, da hoton mamacin manne a bango. Sukan tsaya da lasifika su ce unguwa ba ta yarda ba. Ina so in ga manyan riguna da rawuna a wurin, ko da wanda aka kashe ba Musulmi ba ne. Samarin layin suna lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Haka nan a majalisar birni: daga Maris zuwa Yuni ake sauraron jama'a kan kasafin kuɗi, kafin sabuwar shekarar kuɗi ta fara a 1 ga Yuli, kuma kowa na iya yin magana, ba sai ɗan ƙasa ba. A watan Afrilun 2025 ma'aikatar shari'a ta tarayya ta soke ɗaruruwan tallafi, cikinsu har da na ƙungiyoyin hana harbe-harbe da dama a faɗin ƙasar. Abin da birni zai bayar ya ƙara nauyi ke nan. 'Yan siyasar da ke zuwa mana filin Idi neman ƙuri'a, lokaci ya yi da za su ji wannan buƙata daga bakinku.

Makarantu suna rufewa ƙarshen Yuni, kuma kowa ya san da zafi harbi yake ƙaruwa. Ina roƙon ku sa wannan magana a jerin abubuwan taronku na gaba, ku naɗa mutum uku ko huɗu, cikinsu da mace da saurayi, su je ofishin sulhun da ya fi kusa da masallacinku su gabatar da kansu, su karɓo lambar waya a manna a allon sanarwa. In ana buƙatar mota ko tafinta, ni mai yi ne. In na yi kaushin harshe a wani wuri, ku yafe mini, ciwon abin ne.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku kuma ɗan'uwanku,
wani uba, direban tasi, daga Morrisania.